Yadda Ake Kai Mota Bakin Iyakar Sin a Dawo da Ita Ba Ko Ƙwarzane

Kai mai sabuwar mota, matso kusa. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari za ka tuƙa motarka daga Ulaanbaatar har bakin iyakar ƙasar Sin, kilomita ɗari shida da hamsin, ka dawo da ita gida tana sheƙi kamar ranar da ka saye ta. Ba ƙwarzane, ba lotsawa, ba ko ƙurar ƙasar waje a tayarta. Sunana Dugar. Shekara ashirin da biyu na yi ina jan babbar mota a wannan hanya kafin gwiwa ta zaunar da ni, na kuma ga gwanaye iri-iri, amma ban ga wanda ya kama ƙafar mijin ƙanwata Lodoi a wannan fanni ba. Ina kujerar baya ya yi aikinsa, da idona na gani. Da shi za mu yi misali, kai dai naka kwaikwayo.

Mataki na 1: Ka samo dalilin da ba mai iya musa maka

A takarda za a rubuta yawon buɗe ido ne ya kai ka, amma kada ka faɗi haka a gida, za a ce ba ka da aikin yi. Ka nemo tsohuwa. Idan mahaifiyarka ce, ka gama sa'a.

Lodoi yana da tasa, Eji Pagma, wato Inna Pagma, mai shekara tamanin da uku. Tana goye aka haye da ita arewa a shekarar da iyaka ta raba dangi. Yayanta Renchin, yana ɗan shekara huɗu, aka bar shi kudu wajen kakarsu, da niyyar a dawo a ɗauke shi da bazara. Ba a dawo ba. Sau ɗaya suka haɗu tun daga nan, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a tashar jirgin ƙasa ta Ereen, garin da ke tsallaken iyaka, na awa uku. Da za su rabu ya riƙe kanta da hannu biyu ya shinshina kuncinta na dama, yadda manya suke yi wa mai tafiya, ya ce na hagu sai ta dawo.

Bana Renchin ya cika tamanin da biyar, 'ya'yansa suka sa masa biki ran Juma'a, ashirin da biyu ga Agusta. Idanunsa sun kusa tafiya, likita ya ce zuciyar ma ta fara ɗaura kaya. Eji Pagma ba ta roƙi kowa ba. Ta dai ajiye kofin shayinta wata safiya ta ce, "Ina da kunci ɗaya da zan kai."

Ka ga irin dalilin da nake nufi. Duk wanda ya yi maka gardama a kan tafiyar, da tsohuwa yake gardama, ba da kai ba.

Mataki na 2: Ka ƙi duk hanyar da ta yi sauƙi

Za a kawo maka su, ka shirya. Akwai jirgin ƙasa, akwai bas. Mutum irinmu fasfo kawai zai nuna a bar shi ya shiga. Babban ɗan Kawu Renchin ma, dattijo mai shekara sittin, ya bugo waya ya ce su sauka Ereen kawai, zai jira su da motarsa ya kai su har ƙofar gida.

Ƙanwata Yanjin ta ce, "To ai shi ke nan. Mu sayi tikitin jirgi, Eji ta kwanta abinta har mu isa."

Lodoi ya dube ta kamar ta zagi kakansa. "Uwata ce za ta shiga jirgin 'yan kasuwa, tsakanin buhuna da kwalaye? Ina raye? Da farar jif a ƙofar gida?"

Haka za ka faɗa, da hannu a ƙirji. Abin da ke zuciyarka kuma ka bar shi a can. Lodoi ya ga gidan 'yan uwan nan a waya: ginin bulo, tarakta, motocin ɗaukar kaya biyu. Ya ji a muryarsu cewa suna tsammanin mu 'yan arewa har yanzu a kan doki muke zuwa ofis. Tun ranar yake ganin abu ɗaya duk lokacin da ya rufe ido: farar jif tana kwana cikin farfajiyarsu, yara suna gudu, shi kuma ya sauko a hankali ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa. Ba mugu ba ne Lodoi. Yana son uwarsa, na rantse yana sonta. Ya dai fi son a gan shi yana sonta, daga cikin mota mai kyau.

Mataki na 3: Ka nemi izini, amma kada ka saurari abin da ya ƙunsa

Mutum fasfo ya ishe shi, mota kuwa sai an yi mata shiri irin na amarya. Za ka je ɗaya daga kamfanonin shirya tafiye-tafiye su nema maka izinin shiga da ita. Za su karɓi fasfon duk wanda zai tsallaka a cikinta, da lasisinka, da takardun mota, da lambar inji, da hotonta ta gaba da baya da gefe biyu, da jerin garuruwan da za ka bi. A can za a ba ka lambar mota da lasisi na wucin gadi, a kuma haɗa ka da jagora da zai zauna kusa da kai har ka bar ƙasar, don kada ka ɓata, ko don kada ka ɓata da gangan. Wata biyu ake jira.

Hoto huɗu aka nema, Lodoi ya kai arba'in da ɗaya. Akwai wanda ya ɗauka rana tana faɗuwa a bayanta.

Ranar da izinin ya fito, matar da ke teburin, wata mai tabarau da dariya ba ta cikin aikinta, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. "Laraba, ashirin ga wata, ta ƙofar Zamyn-Uud, kafin shida na yamma. Jagoranku ranar kaɗai zai tsaya a wancan gefen. Ba Talata ba, ba Alhamis ba. Kun ji ko, Yaya?"

"Na ji," in ji Lodoi, yana duba yadda motar ta fito a shafi na biyu.

Ka lura da kyau. Gwani ba ya cewa "na ji" sai idonsa yana kan wani abu dabam.

Mataki na 4: Ka tuna da al'ada a daidai lokacin da za ta yi ɓarna

Mai hankali zai tashi Talata, ya kwana a Sainshand, ya isa ƙofa Laraba da hantsi yana sakace. Haka Yanjin ta tsara, har ta kama ɗaki. Sai ana cin abinci a gidansu ran Asabar, wani daga cikin waɗanda ke teburin ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, yana yankar nama, "Sabuwar mota, ran Talata?"

Kalma huɗu ke nan. Lodoi ya ajiye wuƙarsa.

Kowa ya san ba a fara doguwar tafiya ran Talata. Kowa kuma ya san rabin garin nan suna yi, ba abin da ya same su. Lodoi kansa ran Talata ya tafi ɗaurin aurensa, ran Talata ya kai matarsa asibiti haihuwa. Amma a lokacin ba shi da jif.

"To mu tashi Litinin," in ji Yanjin.

"Lambar motata da shida ta ƙare. Litinin ba a barina in tuƙa a cikin gari."

"Mu fita da sassafe kafin dokar ta fara aiki. Ko Lahadi."

"Tunkiyar fa? So kike in kai wa Kawu nama mai wari?"

Tunkiyar ita ce tsarabar biki: bayan tunkiya guda, da jelar kitsenta, dafaffe, wanda ba za a sauke daga wuta ba sai Talata da yamma. Saboda ita ba za a tashi da wuri ba, saboda mota ba za a tashi Talata ba. Saura Laraba da asuba. Awa takwas ce, in ji Lodoi, ko barci yake zai kai.

Aka juya ga tsohuwa a ji ta bakinta, don ana ganin ita ce za ta fi kowa tsoron Talata. Ta gama tauna ta ce, "Ni dai ran Talata na haife ka. Yanzu da nake dubanka, wataƙila da gaskiyarku."

Aka yi dariya. Aka kuma tsayar da Laraba.

Mataki na 5: Ka yi sallama yadda ya kamata

Biyar na asuba aka sa. Amma ka tabbata unguwa ta ji za ka kudu, don kowa yana da ɗan saƙo: wannan kwalbar magani ga surukarta a Ereen, wancan takalmi ƙafa ɗaya da za a nemo masa irinsa. Ba a ƙin saƙo. Ba a kuma jefa shi a bayan mota haka nan, sai an shimfiɗa bargo don kada ya goge kujera. Tunkiyar ta samu wuri mai kyau a tsakiya, an ɗaure ta da bel. Ni aka matsa ni gefenta. Ba na cikin izinin, rakiya ce kawai zuwa bakin iyaka, don Lodoi ya ce yana son wanda ya san hanya. Bai tambaye ni komai game da hanya ba har muka isa.

Bakwai da kwata muka tayar. Maƙwabciyarsu ta fito da ludayin katako ta watsa mana madara a baya, don hanya ta yi fari. Hannunta ya yi ƙarfi, madarar ta sauka a gilashin baya ta gangaro kan fenti. Lodoi ya taka birki. Ya fito da tsumma mai laushi da ya tanada, ya goge albarkar tas, ya hura wurin, ya sake gogewa.

"Ka bar mana ko ɗigo ɗaya mana," in ji Eji Pagma daga kujerar gaba.

"Eji, madara tana cin fenti."

Bakwai da rabi muka bar unguwa.

Mataki na 6: Ka dogara da ladabin fasinjojinka

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, ka buɗe kunne. A motarmu ba a tambayar yaushe za a isa, ba a kuma faɗa. Wanda ya ambaci lokacin isa ya kira tsautsayi da bakinsa, idan taya ta fashe shi za a kalla. Saboda haka duk abin da za ka yi a hanya, babu mai iya ce maka kun makara. Za su gani, za su sani, za su haɗiye.

Ka yi amfani da wannan dama. Kada ka wuce tamanin, don manyan motoci suna watso tsakuwa. Ka tsaya a tulin duwatsun kan tudu ka zagaya sau uku ka ƙara naka, wannan wajibi ne, ba wanda zai ce uffan. A Choir ka ce za ka leƙa 'yar baffanka ku gaisa a tsaye. Ba a gaisawa a tsaye a ƙasar nan. Za ta zuba shayi mai madara da gishiri, kafin ka shanye ta fara murza fulawa, kuma ba a fita daga gidan da aka ɗora wa baƙo tukunya. Awa ɗaya da minti goma. Bayan nan za ka tarar da wata ƙaramar mota a gefen titi, mutum ya ɗaga hannu, matarsa ta yi wa jariri inuwa da gyale. Ba a wuce irin wannan a hamada, kuma gaskiya a nan Lodoi ya yi abin kirki, ya ba su jak da ruwa. Rabin awa.

Yanjin ta dinga kunna wayarta tana kashewa. Ta waigo ta dube ni, na dubi tunkiya. Can ta ce, kamar da taga take magana, "Yau rana tana sauri."

"Kada ki fara," in ji Lodoi.

"Ni me na ce? Rana na ce."

Tsohuwa ta buɗe jakarta. Ta fito da shuɗin ƙyallen silikin da za ta miƙa wa yayanta, ta warware shi a cinya, ta sake ninkewa. Na ƙirga, sau bakwai ta yi haka tsakanin Choir da Sainshand.

Mataki na 7: Ka wanke motar

Uku da 'yan mintuna muka shiga Sainshand. Saura kilomita ɗari biyu da 'yan kai. Ko da tafiyar Lodoi, da mun wuce kai tsaye, da mun isa da sauran kusan rabin awa a hannu. A nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai sha mai ya wuce. Gwani zai zagaya motarsa, ya ga ƙwari sun mutu a gilashi, ƙura ta mayar da fari ruwan ƙasa, ya ce a ransa: a haka zan shiga ƙasar mutane?

Akwai wurin wankin mota bayan gidan mai. Motoci biyu ne a gabanmu.

Aka saukar da tsohuwa aka zaunar da ita a benci, jakarta a kan gwiwa. Na zauna kusa da ita. Muna kallon ɗanta yana nuna wa mai wanki inda ya tsallake a ƙasan madubi. Can ta ce, "Dugar, kai da ka san hanyar nan..." Ta tsaya nan. Ta yi shekara tamanin ba ta tambayi lokacin isa ba, ba za ta fara a kan tafiyar da ta fi kowace ba.

Na ce, "Hanya lafiya lau take, Eji."

Ta gyaɗa kai. Har yau ban manta amsar nan ba.

Minti arba'in da biyar. Amma fa motar ta yi kyau, wannan ba mai musu.

Mataki na 8: Ka yi gardama da ƙarfe

Shida da minti ashirin muka isa. Rana tana nan sama, motar tana ƙyalli, sandar ƙofa tana kwance. Wani soja yana tsaye a bayanta.

Ka sauko da takardarka a hannu. Ka fara da murmushi, ka kira shi ƙanena. Ka ce minti ashirin ne kawai. Ka nuna masa tsohuwa, yanzu ne amfaninta ya zo. Ka ce ka san wani a babban birni. Lodoi ya bi duk wannan daki-daki, har ya buɗe shafi na biyu ya nuna hoton motar, ko me ya sa.

Sojan ya saurara har ƙarshe, da ladabi. Ya ce, "Yaya, ko na ɗaga muku wannan, ta wancan gefen ba tawa ba ce. Su ma sun rufe. Gobe takwas."

Washegari takwas da minti ɗaya Lodoi ya kira matar mai tabarau. Ya sa wayar a lasifika don mu ji yadda zai gyara ta, sai muka ji yadda ta gyara shi. Jagora ya tsaya jiya tun safe har aka rufe, ya tafi, yau yana tare da wasu baƙi. Izinin na Laraba ne, Laraba kuma ta wuce. Sabo za a nema daga farko.

"Kwana nawa?"

"Wata biyu, Yaya. Hoto huɗu ya isa."

Biki kuma gobe.

Mataki na 9: Idan aka ba ka zaɓi, ka ce za ka biyo baya

Ba a tsallaka wannan iyaka da ƙafa, sai a cikin mota. Shi ya sa kullum da safe tsofaffin jif-jif na zamanin Rasha suke layi a filin tasha, suna kwasar 'yan kasuwa su haye da su. Ƙofofinsu da igiya ake ɗaurewa. Irinsu ne Lodoi ya rantse uwarsa ba za ta shiga ba yana raye.

Yana kan waya yana neman wanin da ya sani a babban birni, tsohuwa ta buɗe ƙofa ta sauka da kanta. Ta rataya jaka, ta nufi layin da sandarta. Yanjin ta bi ta da gudu. Kafin mu cim musu ta riga ta tsaya gaban wata jif mai launin toka, tana magana da mai tuƙa ta, wata ƙatuwar mata mai suna Norjmaa da na sani tun ina aiki.

"Ina da wuri biyu, uku idan ɗaya ya yarda a zauna masa a cinya," in ji Norjmaa. "Fasfo a hannu. Kaka, ku zo gaba kusa da ni. Ke, ɗauke buhun nan, uwar wani ce za ta zauna." Ta hango abin da nake rungume da shi. "Dugar, mene ne wannan?"

"Tunkiya."

"Kai da ka tsufa a hanyar nan? Nama ba ya hayewa, ka fi ni sani. So kake a sauke mini mota gaba ɗaya? Mayar da ita." Ta dubi Lodoi daga hula har takalmi. "Kai ne mai farar nan? Za ka shiga ko ba za ka shiga ba? Akwai fili bayan tasha, ka ajiye ta a can, wani tsoho yana gadi."

Lodoi ya waiga. Filin ba rufi, ba katanga, iska tana ɗaga yashi tana watsawa a kan motocin da ke ciki. Wata an cire mata madubi. Ya dubi uwarsa, ya dubi filin. Yana so ya shiga, wannan na gani. Ƙafarsa ɗaya ma ta matsa.

"Eji, ku yi gaba," ya ce. "In samu wuri mai rufi in ajiye ta, zan biyo ku da jif ta gaba. Kafin azahar ina Ereen."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce ya sunkuyo. Ta riƙe kansa da hannu biyu, ta shinshina kuncinsa na dama, ta daɗe. "Na hagu sai ka iso," ta ce.

Mata biyu suka ɗaga ta suka zaunar. Norjmaa ta ɗaure ƙofa, ta tayar da hayaƙi. Sai a lokacin Lodoi ya tuna ba wanda ya watsa musu madara. Ya ruga shago ya sayo ta kwali, ya yage bakin da haƙori, ya bi bayan jif ɗin yana watsawa da hannu, mutum mai shekara hamsin da shida, madara tana zuba a rigarsa da takalminsa. Direbobin da ke layi suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Mataki na 10: Ka nemi wuri mai rufi

Ka nema da gaske, kada a ce ba ka yi ƙoƙari ba. Lodoi ya duba wuri shida ranar Alhamis. Na farko ƙofarsa ta yi ƙunci, na biyu akwai tattabaru a rufin, na uku mai gadin yana warin giya. Na ce zan zauna in tsare masa ita. Ya yi godiya, ya ce ba wai bai yarda da ni ba ne, amma barcina yana da nauyi. Kafin ya gama da na shida an rufe ƙofa. Ɗan Kawu ya jira shi a Ereen har biyu na rana, sannan ya kama hanya da su, don tafiyar awa bakwai ce a gabansu. Ran Juma'a da safe Lodoi ya lissafa ya ga ko ya haye yanzu sai an watse zai isa, ya ce zuwa bayan biki ai cin fuska ne.

Muka zauna a inuwar motar muka ci tunkiya, mu da direbobin manyan motoci huɗu. Ta yi daɗi, kitsen ya dahu. Muna cikin ci wayarsa ta yi ƙara, Yanjin ta turo hoto. Wani tsoho siriri cikin shuɗiyar riga, idanunsa a rufe, ya riƙe kan Eji Pagma da hannu biyu, hancinsa a kuncinta na hagu. Ita kuma bakinta a buɗe kamar na yarinya mai kuka. Lodoi ya daɗe yana kallo. Ya tashi ya ce bari ya duba taya, ya zagaya bayan mota, bai dawo ba sai da aka kwashe ƙasusuwa.

Kwana tara Eji da Yanjin suka yi a can. Kwana tara muna Zamyn-Uud, yana goge mota safe da yamma. Ranar dawowarsu ya sa rigar da ya ɗinka don biki, ya tsaya a filin tasha. Jif ɗin Norjmaa ta tsaya, aka kwance igiya, aka sauko da tsohuwa. Ta rame kaɗan, amma tafiyarta ta fi ta da sauri.

"Eji, sannunku da hanya. Yaya Kawu?"

"Yana nan. Ran Juma'a tun safe ya sa aka fitar masa da kujera bakin hanya, wai ko ba ya gani zai ji ƙarar injin ɗan ƙanwarsa. Sai da rana ta faɗi aka shigar da shi." Ta gyara jakarta. "Ya ce a gaishe da motar."

Lodoi ya cire hula. Ya sunkuya, ya juyo mata kuncinsa na hagu, a gaban Norjmaa da 'yan kasuwa da kowa.

Ta dube shi. "Na ce sai ka iso. Ka iso?"

Ta wuce shi, ta buɗe ƙofar gaba da kanta, ta zauna.

Muka dawo Ulaanbaatar a awa takwas cif, ba wanda ya tambayi yaushe za a isa. Na zagaya motar da kaina a ƙofar gida, ba ƙwarzane ko ɗaya. Na cika alkawarina.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya yi alkawari a kan fenti ne kawai. Ba ruwansa da abin da matarka za ta daina ce maka, ko abin da mahaifiyarka za ta ce. Ba ruwansa da tsohon da ya rasu a watan Oktoba bai ji ƙarar injin ba, ko sabon izinin da ya iso mako biyu bayan haka, komai nasa daidai, hoto huɗu. Dokokin iyaka suna canjawa, ka tambayi mai tabarau, kuma ka dube ta idan tana magana. Wanda ya ce "sabuwar mota, ran Talata?" a teburin nan tsokana yake yi, ya saba tsokanar mijin ƙanwarsa shekara talatin, bai san za a ɗauka ba, kuma da ya ga an ɗauka ya ji kunyar janyewa. Wanda aka tambaya a benci ya ce hanya lafiya lau take, shi ma gaskiya ya faɗa, hanyar ba ta da ko rami. Kada a zo mini da maganar.

Idan kuma ka je gidansu Lodoi da safe ka ga ƙaton mutum ya kai wa uwarsa shayi, ya zagayo ta damanta ya sunkuya yadda kuncinsa na hagu zai zo daidai fuskarta, ya daɗe a haka fiye da yadda ajiye kofi yake buƙata, ka kau da kai ka yi kamar ba ka gani ba. Takan karɓi shayin ta ce ya yi daɗi.